Filin Lafiyar Dabbobi: In Cutar Shaƙe Ta Shiga Barga

Saƙonnin da suka taru mana a wannan karon yawancinsu na masu dawaki ne, kuma kusan duka a kan ciwo ɗaya suke: majina mai kauri da kumburin ƙarƙashin muƙamuƙi. Mun tsamo bakwai, mun taƙaita su saboda fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da dawaki bakwai a gidan gona ta hanyar Zariya. Na sayo wani ingarma daga kasuwar Maigatari, lafiyarsa ƙalau, har yau ko tari bai yi ba. Bayan kwana goma sai dawakina uku suka ƙi dusa, majina na zuba, biyu kuma ƙasan haɓarsu ya kumbura. Yaran barga sun ce sanyi ne. Me ke faruwa, kuma yaya zan ceci sauran? Daga wani Alhaji, Unguwar Rimi, Kaduna.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ba su lafiya. Abin da ka kwatanta ya yi daidai da cutar shaƙe, wadda likitocin dabbobi ke kira sitirangul. Ƙwayar cuta ce mai suna Streptococcus equi ke kawo ta, ba sanyi ba. Tana shiga ta hanci ko ta baki, ta sauka a maƙogwaro, daga nan ta wuce cikin kaluluwar ƙasan haɓa da ta bayan muƙamuƙi, su kumbura su tara mugunya. Daga ranar da doki ya ɗauka zuwa ranar da zai nuna alama yakan kai kwana 3 zuwa 14, don haka kwana goman da ka lissafa ya faɗa tsakiyar wannan lokaci.

Abin da ya kamata ka riƙe da kyau shi ne jerin yadda alamun ke zuwa. Zazzaɓi ne ke fara fitowa, tun kafin majina. Zafin jikin doki mai lafiya yana tsakanin digiri 37.5 da 38.5, in ciwon ya kama sai ya haura, sau da yawa har 39.5 ko 40. A kwana biyu na farkon zazzaɓin nan, yawanci doki bai fara zubar da ƙwayar ta hanci ba. Ke nan wanda ya gano zazzaɓi a ranar farko ya ware dokin, ya riga cutar. Wanda ya jira sai ya ga majina, ya makara da kwana biyu ko uku, kuma a cikin kwanakin nan dokin ya riga ya tsoma baki a komin da kowa ke sha.

Daga yau a rufe gidan gonar ga dawaki: ba shiga, ba fita, ba aro, ba kai goɗiya barbara. Ukun da suka kwanta a ware su wuri guda, tazarar aƙalla mita 10 daga sauran, inda ruwan wanki ba zai gangaro wa masu lafiya ba. A ƙa'ida ana kasa barga kashi uku ne: marasa lafiya, waɗanda suka yi cuɗanya da su amma ba su nuna komai ba, da waɗanda ba su taɓa haɗuwa da su ba sam. Ana shafa wa bokiti da tsintsiya da cebur na kowane kashi fentinsa, ja da rawaya da kore, don ko yaron da bai iya karatu ba ya gane. Amma in komi ɗaya dawakinka ke sha, kamar yadda aka saba, to ba ka da kashi na uku. Huɗun da suka rage duka 'yan rawaya ne, kar ka yaudari kanka da cewa suna cin abinci.

Sabon ingarman kuwa a ɗaure shi shi kaɗai, da bokitinsa. Lafiyar da kake gani ba ta wanke shi ba. Za ka ga dalili a amsar da muka ba mai tambaya daga Zariya.

Ka sayi ma'aunin zafi mai batir, irin na kyamis, in da hali kowane doki da nasa. A shafa masa man baselin, mutum ya tsaya gefen ɗuwawun doki ba bayansa ba, ya ɗaga wutsiya gefe, ya zura ta dubura ya ɗan karkata shi ya taɓa bango, don in ya nutse cikin kashi ba zai ba da lamba ta gaskiya ba. A auna safe da yamma, a rubuta a littafi da sunan doki da kwanan wata. Kar a auna bayan sukuwa ko da tsakar rana a watan Maris da Afrilu, lambar za ta hau ba ciwo. Duk wanda ya haura 38.5 yana hutawa, a mayar da shi cikin 'yan ja a ranar, ba sai gobe ba.

Sauran aikin na hannun muri ne, wato mai kula da dawakin. In mutum ɗaya ne ke kula da duka, ya fara da masu lafiya, ya ƙare da marasa lafiya, sannan ya tuɓe rigar aikin da takalmin roba a can, ya wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu. Bakin tiyo kada ya nutse cikin bokiti, a riƙe shi sama ruwa ya zuba; tiyon da aka tsoma a bokitin mara lafiya aka ja zuwa na gaba ya gama aikin yaɗa cutar. A kira likitan dabbobi ya ɗebi mugunya ko ruwan wankin hanci a kai ɗakin gwaji. Asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan Samaru, ga kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom.

TAMBAYA: Likita, ni muri ne. Dokin maigidana kumburin ya yi tauri kwana biyar bai fashe ba. Wani ya ce a yi masa sakiya, maigida kuma ya ce in sayo Penstrep in riƙa yi masa cc goma kullum. Wanne zan bi? Daga Tudun Wada, Kaduna.

AMSA: Sannu da aiki, Malam. Kada ka bi ko ɗaya. Ka nuna wa maigida wannan amsa, don kar a ce ka ƙi umarni.

Kumburin da ke da tauri bai nuna ba. In aka huda shi yanzu jini kawai zai fito, a bar doki da rauni, mugunyar kuma ta taru daga baya. Abin yi shi ne gashi: tawul mai tsabta a tsoma a ruwan ɗumi wanda hannunka zai iya jurewa, a matse, a danna a wurin minti 10 zuwa 15, sau biyu ko uku a rana. Alamar ya nuna ita ce tsakiyarsa ta yi laushi in ka danna da yatsa, gashin wurin ya fara zubewa, wani ruwa-ruwa mai danƙo ya fara tsattsafowa. Da yawa da kansu suke fashewa cikin mako ɗaya zuwa biyu. In ya nuna ya ƙi fashewa, likita ne zai tsaga shi ta ƙasa don mugunya ta zube. Na ƙarƙashin haɓa yana da sauƙi. Na bayan muƙamuƙi, ƙasan kunne, shi ne mai haɗari, don manyan jijiyoyin jini da na motsi da hanyar miyau duk ta nan suka bi. Ƙarfen sakiya ba ya ganin jijiya.

Bayan ya fashe, a riƙa wanke ramin kullum da ruwan aidin irin na fobidon wanda aka sirka: mililita 30 zuwa 50 a cikin lita ɗaya ta ruwan da aka tafasa ya huce. A zuƙa da sirinji marar allura a fesa ciki a hankali har ruwan da ke dawowa ya yi haske. Kar a bari bakin ya rufe alhali ciki bai bushe ba. A shafa baselin a fatar da ke ƙasan ramin don mugunya kar ta saɓule ta. Ka sa safar hannu, audugar da ka goge da ita a tara a ƙona. Mugunyar nan cike take da ƙwayar cutar, kuma ƙudan da ya sauka a kanta fuskar dokin gaba zai je, don haka kar ka bar ta a ƙasa.

Abinci kuma, haɗiya ce ke yi masa zafi. A jiƙa dusa ta yi laushi, a ba shi ɗanyar ciyawa ko harawar da aka yayyafa wa ruwa, a ajiye a ƙasa don in ya sunkuya majina ta riƙa zubowa. Ɗura kuwa haramun ce a wannan ciwo, ko kanwa ce ko jiƙon sassaƙe. Dokin da maƙogwaronsa ya kumbura ba ya haɗiya daidai, abin da aka ɗura masa huhu zai wuce, a koma jinyar ciwon huhu wanda ya fi na farkon kisa. Maganin zazzaɓi da raɗaɗi, irin su buta ko fuluniksin, yana taimaka masa ya ci ya sha, amma likita ne zai auna, domin in doki ba ya shan ruwa sosai sukan taɓa ƙoda da tumbi.

To, maganar allura. Fenisilin, wanda ke cikin Penstrep, yana kashe ƙwayar, babu musu. Sai dai idan kaluluwa ta riga ta tara mugunya kuma doki yana numfashi lafiya, yana ɗan ci, yawancin likitoci ba sa ba da shi, don ba ya ratsa cikin ƙurjin sosai. Sai ya jinkirta nunar, a daina allura kumburin ya dawo. Inda yake da amfani wuri biyu ne. Na farko, ranar da zazzaɓi ya fara kafin kumburi. Kwana 3 zuwa 5 na allura na iya tare ciwon, amma dokin ba zai samu kariya ba, in ya koma cikin marasa lafiya zai sake ɗauka. Na biyu, ciwon da ya yi tsanani: numfashi na wahala, zazzaɓi ya ƙi sauka, doki ya daina ci gaba ɗaya, ko dukushi ne ƙarami.

Kuma cc goma ba awo ba ne. Awon fenisilin na furokain ga doki shi ne yunit 22,000 a kowane kilo, sau biyu a rana, a cikin tsoka. Doki mai kilo 350 yana buƙatar yunit miliyan 7.7 a kowace allura; in kwalbar mai yunit 300,000 ce a mililita ɗaya, kusan mililita 26 ke nan, a raba wuri biyu. Ka ga cc goma sau ɗaya a rana ko kwatan abin da ake bukata bai kai ba. Wanda zai yi allurar dole ya ja sirinji baya ya tabbata ba jini, don in furokain ya shiga jijiya doki na iya haukacewa ya faɗi nan take. Allurar LA ta shanu kuwa a bar wa shanu. A tsokar doki kumburi take yi mai zafi, wani lokaci har naman ya mutu.

In ka ji numfashinsa na ƙara, ya miƙe wuya, hancinsa ya buɗe yana haki, ko ruwa da dusa na dawowa ta hanci, a kira likita ko da tsakar dare ne. Kumburin ciki ne ya matse hanyar iska, kuma a wannan hali likita kan tsaga maƙogwaro ya sa bututu har kumburin ya sauka.

TAMBAYA: Ta yaya zan bambanta wannan ciwo da sauran cututtukan dawaki masu majina? Kuma mutum na ɗauka? Ina da yara da ke wasa a barga. Daga wata Hajiya, Kawo.

AMSA: Hajiya, murar dawaki tana zuwa da busasshen tari mai ƙarfi, ta kwantar da barga duka cikin kwana biyu ko uku, ba kasafai kaluluwa ke fashewa ba, ita ce ta yi ɓarna a jakuna a Sakkwato da Nijar daga ƙarshen 2018 zuwa 2019. Cutar dawaki ta Afirka, wadda wasu ƙananan ƙwari masu cizo ke kawowa, an fi ganinta wajen damina, kumburinta a ramin saman ido da kai da wuya ne, wani lokaci da kumfa ta hanci, kuma tana kashewa da sauri. In kuwa ƙuraje ne suka jeru a layi a ƙafa ko wuya ko ƙirji, suna fashewa suna daɗewa, ko gyambo a cikin hanci, wannan ba shaƙe ba ce. A nisanta yara a kira likita, don a cikin masu irin wannan kama akwai wadda ke kama mutum.

Ita shaƙe da wuya ƙwarai take kama ɗan Adam. Duk da haka a hana yara shiga har a gama, ba don kansu kaɗai ba: hannun yaro da ya shafa hancin wannan ya shafa na wancan ba shi da bambanci da bokiti.

TAMBAYA: Dokina ya yi ciwon, ƙurjin ya fashe ya bushe, yau mako biyu ke nan yana ci yana haniniya. Sallah saura kwana goma sha biyu, kuma shi nake hawa a tawagar gidanmu. In fita da shi? Daga wani mai sarauta, birnin Zariya.

AMSA: Ranka ya daɗe, a yi haƙuri, bana a nemi wani dokin. Mun san nauyin maganar, amma ga dalili.

Dokin da ya warke yakan ci gaba da zubar da ƙwayar ta hanci mako biyu zuwa uku bayan alamu sun ɓace, wasu har mako shida. A ranar Sallah dokinka bai cika wata ɗaya da bushewa ba. Ka dubi yadda ranar hawa take, daga Hawan Sallah zuwa na Bariki da Daushe: dawaki daga gundumomi daban-daban a tsaye kafaɗa da kafaɗa na sa'o'i, suna shinshinar juna, yara na zagayawa da baho ɗaya suna shayar da duk wanda ya miƙo baki. Doki ɗaya mai zubar da ƙwaya ya isa ya raba ta, kowa ya koma garinsa da ita, ba wanda zai sani sai bayan mako ɗaya ko biyu.

Ba a nan ma gizo ke saƙa ba. A cikin kan doki, can bayan maƙogwaro ƙasan kunnuwa, akwai jakunkunan iska guda biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, kowace na ɗaukar kamar mililita 300 zuwa 500. Kaluluwar bayan muƙamuƙi a ƙarƙashinsu take, kuma sau da yawa ciki take fashewa, mugunya ta zuba a jakar. Yawancin dawaki sukan zubar da ita ta hanci su tsarkaka. Amma kusan ɗaya cikin goma ba ya zubarwa duka. Ragowar ta bushe, ta dunƙule ta yi tauri kamar tsakuwa, ƙwayar na raye a ciki watanni ko shekaru. Wannan doki zai yi ƙiba, ya yi sheƙi, ya yi sukuwa, jefi-jefi yana sakin ƙwayar in ya yi atishawa ko ya sha ruwa. Shi ne ke sa ciwo ya riƙa tashi a barga duk lokacin da aka kawo dukushi ko sabon doki, a rasa daga ina. Irinsa muke zargi a ingarman Alhaji na tambayar farko. Tun shekarar 1251 aka rubuta bayanin wannan cuta a Italiya, kuma abin da ya hana ta ƙarewa har yau shi ne irin waɗannan dawaki masu kamar lafiya.

Ido ba ya gano su, sai gwaji. Mafi inganci shi ne likita ya zura na'urar leƙen ciki mai kyamara ta hanci, ya duba jakunkunan biyu, ya wanko ruwansu a yi gwajin PCR, mai gano ƙwayar cutar a ruwan. Ana yin haka ne bayan aƙalla mako uku da bushewar ciwon. In ba na'urar, sai a wanko bayan hanci sau uku, mako-mako, duka ukun su fito babu ƙwaya kafin a ce ya tsarkaka. Sau ɗaya ba ya wadatarwa, don ba kullum yake saki ba. In an samu dunƙulen, ana ciro su da na'urar, a wanke jakar, a zuba fenisilin a ciki, a sake gwaji. Wanda ko ɗaya bai samu ba, mafi ƙarancin abin da zai yi shi ne ya bar dokin a ware mako shida cikakku daga ranar da majina da ƙurji suka bushe, kuma ko bayan nan ya bar masa bokitinsa. Wannan yana rage haɗari, ba ya kawar da shi.

Sauran dawakin da suka zauna da shi ma su zauna gida, sai an yi mako uku ba wanda ya yi sabon zazzaɓi. In aro za a yi, a aro daga bargar da aka san lafiyarta, kuma kar a kawo shi cikin taku kafin hawa. A tafi da jarkar ruwa da bokiti, kar a ari linzami ko ragama. In an dawo a auna zafinsa safe da yamma na mako uku.

Wani abu kuma da sai irinku manya za su iya: a faɗa. Masu dawaki na ɓoye wannan ciwo don kar a ce bargar wane ta lalace, ko kar farashin doki ya faɗi. Ɓoyewar ce ke kai shi bargar maƙwabci. In shamaki ya ji daga bakinka, zai tambayi sauran masu tawaga ba tare da kowa ya ji kunya ba.

TAMBAYA: Goɗiyata ta warke mako uku da suka wuce, sai ga ƙafafunta huɗu sun kumbura har sama da gwiwa, ƙasan cikinta ma haka. Ko maciji ne? Daga Rigachikun.

AMSA: Malam, ka ɗaga leɓenta na sama ka duba dasashi, ka leƙa cikin hanci. In ka ga ɗigo-ɗigon jini ja ko shunayya, kuma kumburin yana da zafi, ya yanke a tsaye a wuri guda, to garkuwar jikinta ce ta juya kan ƙananan jijiyoyin jininta. Wannan yakan biyo bayan shaƙe da mako biyu zuwa huɗu. Ba ya jira: fata na iya tsagewa ta saɓule, in kai ya kumbura numfashi ya toshe. Likita kan haɗa fenisilin da maganin danne garkuwa irin su deksametason na tsawon makonni, yana rage awon a hankali; in aka yanke shi kwatsam ciwon dawowa yake. A riƙa kwarara wa ƙafafun ruwan sanyi, a ɗan zaga da ita a hannu in tana iyawa. Kar a tsattsaga kumburin.

Akwai kuma wani juyin na daban da ya kamata masu dawaki su sani: ƙwayar ta bi jini ta yi ƙurji a cikin ciki, ko huhu, ko hanta, har ƙwaƙwalwa. Alamarsa doki ya warke a ido amma yana ramewa, zazzaɓi na zuwa yana tafiya, ciwon ciki na dawowa. Jinyarsa makonni ce ta allura, kuma a nan ne aka fi asarar dawaki. Shaƙe ita kanta, in an kula, kaɗan take kashewa.

TAMBAYA: Muna buga folo, dawakinmu na yawo tsakanin Kaduna da Kano da Katsina da Legas. Akwai allurar riga-kafi? Daga wani ɗan wasa, kusa da Dandalin Murtala.

AMSA: Akwai, Yallaɓai, duka daga waje ake kawo su. Pinnacle ta Amurka ana fesa ta ne ta hanci, kuma ƙwaya ce mai rai da aka raunana, don haka ba a yin ta rana ɗaya da wata allurar tsoka. In ta taɓa bakin allura ƙurji za ta yi a wurin. Equilis StrepE a cikin leɓen sama ake yin ta. Strangvac ta Suwidin, wadda Turai ta amince da ita a 2021, ta tsoka ce, babu ƙwaya mai rai a cikinta, allura biyu tsakaninsu mako huɗu, sannan a riƙa sabuntawa. Duka suna son sanyin digiri 2 zuwa 8 tun daga masana'anta, don haka ka tambayi yadda kwalbar ta iso hannun mai sayarwa, da halin wutarmu.

Suna rage tsananin ciwo da yawan waɗanda za su kwanta, ba sa toshe ƙofa gaba ɗaya, ba sa kuma tsarkake dokin da ke ɗauke da ƙwaya a jakar iska. Ba a yi wa mara lafiya, ba a yi wa wanda ya warke cikin shekarar, don tana iya tayar da kumburin ƙafafu da muka yi bayani a amsar mai goɗiya daga Rigachikun. Ai shi ma bai cika buƙata ba: kusan uku cikin huɗu na waɗanda suka warke sukan samu kariya ta shekaru. Inda allurar ta fi amfani shi ne ƙananan dawaki, 'yan shekara ɗaya zuwa biyar, don su ciwon ya fi kayarwa.

A ganinmu, kuɗin da za ka kashe a riga-kafi kar ya hana ka gina rumfa ɗaya a gefe mai turke biyu ko uku. Duk dokin da ya shigo, na Ajantina ne ko na Sudan ko na gida, da duk wanda ya dawo daga gasa, ya yi mako uku a can ana auna shi.

TAMBAYA: Ciwon ya wuce a wurinmu, alhamdu lillahi. Yaya za mu wanke barga? Kuma jakin da ke ɗebo mana ruwa yana cikin lissafi? Daga Maraban Jos.

AMSA: Jaki da alfadari duka suna ɗauka suna kuma yaɗawa, Malam, don haka yana ciki. A auna shi, a ba shi bokitinsa.

Ƙwayar ba ta jure rana da bushewa: a kan katako ko ƙarfe da rana ke duka, cikin kwana ɗaya zuwa uku ta mutu. A ruwa da inuwa mai damshi kuwa takan kai wata ɗaya, har ta ɗara. Shi ya sa komi da bokiti da lungun da rana ba ta shiga su ne wurin aiki, musamman da damina.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a watsa magani a kan datti. Bilic ba ya aiki a kan kashi da busasshiyar majina. A fara kwashe shara da shimfiɗa a ƙona, a kankare ƙasar gindin turke a fitar, a goge bango da ƙofa da komi da buroshi da ruwan omo, a ɗauraye. Sannan a sirka bilic, irin su Jik ko Hypo, kofi ɗaya a kofi goma na ruwa, a jiƙa ko'ina a bar shi minti goma, a sake ɗaurayewa musamman abin ci da sha, a buɗe ƙofofi ya bushe. Mai garin maganin kashe ƙwayoyin cuta na Virkon S ya zuba giram 10 a lita ɗaya. A haɗa sabo kullum, wanda ya kwana ya rage ƙarfi, kuma kar a gauraya bilic da Izal ko wani magani.

Ƙarfen linzami a tafasa shi minti goma. Ragama da dabaibayi na igiya, waɗanda majina ta jiƙa, ƙonawa ta fi arha. Jalala da tawul a wanke da ruwan zafi a shanya a rana, kayan fata a goge da sabulu a shanya. Motar da ta ɗauko mara lafiya a wanke ta ciki da bai kafin ta ɗauki wani. Takin a tara shi nesa da rijiya da hanyar ruwa, a rufe ya ruɓe, kar a baza shi ɗanye inda dawaki ke kiwo. Filin da marasa lafiya suka yi kiwo kuma a bar shi mako huɗu kafin a saki wani doki ko jaki a kai.